Ƙanƙara da Daskararriyar Raɓa a Zane da Hoto: Nazarin Yadda Aka Siffanta Hunturu Daga Ƙarni na 15 Zuwa na 20

1.0 Gabatarwa

Zanen shimfiɗar ƙasa a lokacin hunturu, wato fili da dusar ƙanƙara ta lulluɓe ko kogi da ya daskare har mutane na tafiya a kansa, bai zama fanni mai cin gashin kansa a Turai ba sai a tsakiyar ƙarni na 16, alhali masu zane a ƙasar Sin sun riga sun shafe ɗaruruwan shekaru suna yin sa. Ɗaukar hoto kuwa, tun bayyanarta a 1839, ta tarar da ƙanƙara cikin abubuwan da suka fi ba ta wahala. Manufar wannan takarda ita ce ta bibiyi waɗannan ayyuka bisa tsarin zamani, sannan ta auna wani ra'ayi da ya yaɗu, wanda ke cewa yawaitar zanen hunturu a wani zamani shaida ce ta tsananin sanyin zamanin. Matsayin takardar shi ne sanyi kaɗai bai isa ya bayyana tarihin fannin ba. Dole a haɗa shi da buƙatar mai saye da kuma iyakar kayan aikin da ke hannun mai zane ko mai hoto, musamman wajen nuna farin abu a kan farin fage.

Abubuwa uku ne ake magana a kansu, kuma kowanne da yadda yake samuwa. Dusar ƙanƙara tana ƙulluwa ne a cikin gajimare, ta sauko a matsayin ƙwayoyi masu kusurwa shida. Daskararriyar raɓa ba ta saukowa daga sama: a daren da babu gajimare ba kuma iska, tururin ruwan da ke cikin iska yakan taɓa ciyawa ko reshe ko huɗar gona da sanyinsu ya kai ƙasa da sifili, ya rikiɗe ƙanƙara kai tsaye. Daskararren ruwa kuma shi ne na koguna da tafkuna da teku. Bambancin yana da amfani ga mai nazari, domin dusar takan kwana biyu a ƙasa, ruwa kan daskare na makonni, amma daskararriyar raɓa ba ta kai hantsi, shi ya sa ta fi sauran ƙaranci a tsofaffin zane-zane.

2.0 Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

Masana yanayi ne suka fara ɗaukar zane a matsayin hujja a wannan batu. Sunan Ƙaramin Zamanin Ƙanƙara ya samo asali daga François Matthes a 1939, daga baya aka taƙaita shi ga zangon sanyi da ya taso daga wajen ƙarni na 14 zuwa tsakiyar na 19. A 1970 Hans Neuberger ya wallafa maƙala a mujallar Weather, inda ya duba zane fiye da 12,000 da aka yi tsakanin 1400 da 1967 a gidajen tarihi na Turai da Amurka, yana ƙirga yawan gajimare da duhun sararin sama. Ya sami ƙaruwar duhu da gajimare a zangon da ya dace da wancan zamani na sanyi. A 1981 William Burroughs, shi ma a wannan mujalla, ya lura cewa mafi yawan fitattun zanen hunturu na Turai an yi su ne tsakanin 1565 da 1665, ya kuma danganta somawarsu da mugun sanyin 1564 zuwa 1565.

Masana tarihin zane sun bi wata hanya dabam. Wolfgang Stechow, a littafinsa na 1966 kan zanen shimfiɗar ƙasa na Holan a ƙarni na 17, ya kalli zanen hunturu a matsayin reshe mai salonsa da gadonsa, inda almajiri ke koyo daga malami, mai zane ke aro daga ɗan'uwansa. Baje kolin da gidan tarihi na Mauritshuis ya shirya a birnin Hague a 2001 ya yi ƙoƙarin haɗa ɓangarorin biyu. Raunin ra'ayi na farko shi ne yana ɗaukar zane tamkar rahoton ma'aikacin auna yanayi. Raunin na biyu shi ne a wasu lokuta yakan manta cewa kogunan sun daskare da gaske. Haka nan duka biyun ba su cika waiwayar gabashin Asiya ko ɗaukar hoto ba, kuma a nan ne ake samun misalan da suka fi fito da matsalar fili.

3.0 Hanyar Nazari

An zaɓi ayyukan da aka san wanda ya yi su, da lokacin da aka yi su, da inda suke ajiye a yau. Kowane aiki an yi masa tambaya uku. Wane yanayi aka yi a shekarar, gwargwadon abin da rubutattun bayanai suka nuna? Wa ya sa aka yi aikin, ko wa ake sa ran zai saya? Da wane kayan aiki aka nuna fari da inuwarsa? An bar zanen yaƙi da na addini waɗanda ƙanƙara ta shigo cikinsu a matsayin ado kawai, sai inda suka taɓa batun kwanan wata. Ba a yi ƙidaya irin ta Neuberger ba, saboda abin da ya tsira a gidajen tarihi zaɓin masu tarawa ne, ba ya wakiltar duk abin da aka zana.

4.0 Nazari

4.1 Kafin Bruegel

Hunturu ya shigo zanen Turai ta ƙofar kalanda. A hasumiyar Torre Aquila da ke birnin Trento a arewacin Italiya akwai zanen bango na watanni da aka yi wajen 1400, inda aka nuna watan Janairu da 'ya'yan sarauta suna jifan juna da curin dusar ƙanƙara a gaban fada. Bayan 'yan shekaru, 'yan'uwa uku da ake kira Limbourg suka ƙawata littafin addu'o'i na Jean, basaraken Berry a Faransa, aikin da ya tsaya a 1416 lokacin da su ukun da ubangidansu suka mutu a shekara guda. Shafin Fabrairu na littafin, wanda ke gidan tarihi na Condé a Chantilly, ya nuna gidan gona cikin dusa: tumaki cunkushe a rumfa, amya a jere kowace da farar hula a kanta, manoma sun ɗage tufafi suna jin wuta, wani na saran itace, wani na kora jaki zuwa ƙauye. Sararin sama toka-toka ne, kuma wannan tokar ce ta sa ƙasa ta yi fari fat. A waɗannan ayyuka dusa alama ce ta wata, kamar yadda girbi yake alamar Yuli. Ba a zana ta don kanta ba.

4.2 Bruegel da Shekarar 1565

Pieter Bruegel babba ya zana Mafarauta a Cikin Dusar Ƙanƙara a 1565, da fentin mai a kan allon katako mai tsawon santimita 117 da faɗin 162, wanda yanzu yake birnin Viyana. Ɗaya ne daga cikin jerin zane shida na lokutan shekara, biyar suka tsira, kuma wani attajirin Antwerp mai suna Niclaes Jonghelinck ne ya ba da kwangilar. Wato asalin aikin tsohuwar kalandar nan ce, sai dai an fitar da ita daga shafin littafi an rataye a bangon gidan ɗan kasuwa.

Mafarauta uku ne suke saukowa daga tudu a gefen hagu, sun ba mai kallo baya, karnuka biye da su kai a sunkuye, abin da suka samo bai wuce yanyawa guda ba. A ƙofar masauƙi ana hura wutar babbake alade, allon sunan masauƙin na lilo da ƙugiya ɗaya. Can ƙasa tafkuna biyu sun daskare, mutane kamar ɗigon tawada suna wasan zamiya, wata mata na ƙetare gada da ƙunshin itace, a nesa kuma wasu na kokawar kashe gobara da ta kama bututun hayaƙin wani gida. Launuka kaɗan aka yi aiki da su: farin darma ga ƙasa, baƙi da ruwan ƙasa ga bishiyoyi da mutane, sai wani kore mai ratsin toka da aka ba sama da ƙanƙara baki ɗaya. Haɗa sama da tafki a launi ɗaya shi ne ya kawo jin sanyi a zanen, fiye da farin kansa. A can ƙarshen fage akwai duwatsu masu tsini waɗanda babu irinsu a ƙasar Flanders, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Bruegel ya ƙetare tsaunukan Alps a tafiyarsa ta Italiya a farkon shekarun 1550, daga can ya ɗebo su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa zanen haɗe-haɗe ne da aka tsara a ɗakin aiki.

Babu musu an yi mugun sanyi a 1564 zuwa 1565, har kogin Scheldt ya daskare a Antwerp. Amma akwai wani ƙaramin zane na Bruegel a Winterthur ta ƙasar Suwizalan, na ziyarar masu hikima ga jariri Almasihu, wanda ake lissafa shi cikin na farko da suka nuna dusa tana kan sauka, ɗigo-ɗigo a duk faɗin allon. An daɗe ana karanta shekarar da ke jikinsa 1567, bincike na baya-bayan nan ya mayar da ita 1563. Idan haka ne, sha'awar Bruegel ga dusa ta riga wancan hunturu, kuma iyakar abin da za a ce shi ne sanyin ya ƙara mata kasuwa. Batun kasuwa kuwa a bayyane yake a wani zanensa na 1565, na masu zamiya da tarkon tsuntsaye, da ke Brussels. An san kwafinsa fiye da 120, da yawa daga ɗakin aikin ɗansa Pieter ƙarami. Mai ƙidayar zanen hunturu da ya haɗa da waɗannan kwafi zai ƙirga hunturu guda sau ɗari.

4.3 Holan da Landan

Bayan faɗuwar Antwerp a hannun Sifaniyawa a 1585, masu zane da 'yan kasuwa da yawa suka yi ƙaura zuwa arewa, suka tafi da salon Bruegel. A sabuwar Jamhuriyar Holan coci ya daina ba da kwangilar zane, sai aka koma zana ƙananan alluna ana sayar wa masu matsakaicin hali. Hendrick Avercamp, wanda ya rayu daga 1585 zuwa 1634, kurma ne kuma bebe, ana yi masa laƙabi da Beben Kampen, shi ya fara mayar da hunturu sana'arsa kacokan. Zanensa na wajen 1608 da ke Rijksmuseum a Amsterdam cike yake da mutane: masu wasan dukan ƙwallo da sanda, masoya riƙe da hannu, mai fasa ƙanƙara don ɗibar ruwa, wanda santsi ya kayar, a kusurwar hagu kuma kare da hankaki suna cin mushen doki. Dabararsa ta nuna nisa ita ce rage ƙarfin launi sannu a hankali har mutane su narke cikin hazo inda ƙanƙara ta haɗu da sama. Aert van der Neer da Jan van Goyen da Jacob van Ruisdael sun biyo baya, suka rage jama'a, suka ba gajimare kaso mafi girma na allon.

A matsayin shaidar zamantakewa waɗannan ayyuka suna da daraja sosai. A ƙasar da sufuri ya dogara ga magudanan ruwa, daskarewa takan tsayar da jiragen kaya, ta bar masu tuƙi da masunta ba aiki, ta kuma mayar da ruwan ya zama titi da dandali. Amma a matsayin ma'aunin sanyi akwai giɓi babba. Shekarun 1690 suna cikin mafiya sanyi a duk zangon, hunturun 1709 kuma ya kashe mutane da dabbobi a faɗin Turai, duk da haka babu wani sabon Avercamp da ya fito. Abin da ya faru shi ne kasuwar zane ta Holan ta durƙushe bayan mamayar Faransa a 1672, masu kuɗi kuma suka karkata ga salon Faransa da na Italiya. Sanyi ya ƙaru, zanensa ya ragu.

Landan ta ba da darasi na daban. Abraham Hondius ya zana kogin Thames a daskare a 1677, ya kuma zana kasuwar da aka ci a kansa a 1684, da rumfuna da kekunan doki da masu buga takardar tunawa a kan ƙanƙara. An yi irin wannan kasuwa ta ƙarshe a 1814. Dalilin yankewarta bai tsaya ga ɗumamar yanayi ba. Tsohuwar gadar Landan tana da ƙananan bakuna 19 masu tare ruwa da tarkacen ƙanƙara kamar madatsa. Da aka rushe ta a farkon shekarun 1830, daga baya kuma aka gina bango a gaɓar kogin, ruwan ya ƙara gudu, bai sake tsayawa ya daskare a tsakiyar birnin kamar da ba.

4.4 Gabashin Asiya

A Sin ana danganta zanen dusa da Wang Wei na daular Tang a ƙarni na 8, ya kuma bunƙasa a zamanin daular Song. Hanyar da aka bi a can kishiyar ta Turai ce. Galibi ba a shafa fari. Ana barin takarda ko siliki yadda yake a inda dusa take, a wanke sama da ruwa da tsarmammiyar tawada, sai wurin da ba a taɓa ba ya fito da haske. Sesshū Tōyō na Japan, wanda ya rasu a 1506, da Maruyama Ōkyo a ƙarni na 18 sun bi wannan tafarki. Akwai wani labulen naɗewa na Ōkyo a Gidan Tarihi na Birtaniya wanda babu komai a jikinsa sai 'yan layukan tawada masu nuna tsagewar ƙanƙara. An yi shi ne don ɗakin shan shayi, ana kafa shi da bazara domin baƙi su ji sanyi a ido.

Misalin da ya fi kaifi shi ne bugun katako na Utagawa Hiroshige na garin Kanbara cikin dusar dare, daga jerinsa na zango 53 na hanyar Tōkaidō, wajen 1833 zuwa 1834. Kanbara na gaɓar teku a yankin Shizuoka mai ɗumi, inda dusa ba ta cika sauka ba, balle ta taru haka. Ga alama Hiroshige ya zuba mata dusa ne saboda jerin na buƙatar sauyin yanayi daga shafi zuwa shafi.

4.5 Daga Friedrich Zuwa Monet

A farkon ƙarni na 19 ƙanƙara ta sauya ma'ana, ta bar dandalin wasa ta koma alamar ƙarfin da ya fi ƙarfin ɗan'adam. Caspar David Friedrich ya zana Tekun Ƙanƙara tsakanin 1823 da 1824, inda manyan falankan ƙanƙara suka hau juna suka murƙushe jirgin ruwa. Bai taɓa zuwa yankin Arktik ba. Abin da ya gani shi ne fashewar ƙanƙarar kogin Elbe a Dresden a hunturun 1820 zuwa 1821, ya yi ƙananan zanen gwaji, daga baya ya kumbura su zuwa girman tsauni, a lokacin da labarin tafiyar William Parry ta neman mashigar arewa maso yamma ke yawo a Turai. Masu tarihin rayuwarsa sukan ambaci ƙaninsa da ya nutse a ƙarƙashin ƙanƙara a 1787. Zanen, wanda ke Hamburg a yau, bai sami mai saye ba har mutuwarsa a 1840. J. M. W. Turner kuwa ya gwada daskararriyar raɓa a zanensa na safiyar sanyi na 1813, da ɗan siririn fari a kan ƙasa mai ruwan ƙasa.

Babban sauyi ya zo ne daga kayan aiki. An samar da shuɗin kobal a 1802, aka samar da shuɗin lazuli na haɗi a ƙarshen shekarun 1820 wanda ya karya tsadar na dutse, sannan John Goffe Rand ya ƙirƙiro bututun fenti na kwano a 1841. Da haka mai zane ya iya fita fili cikin sanyi ya kalli dusa da idonsa yana aiki. Abin da ya gani shi ne inuwa a kan dusa ba baƙa ba ce. Sabuwar dusa tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta, wurin da rana ba ta kai ba kuwa hasken shuɗin sama ne ke haska shi, don haka inuwar takan yi shuɗi ko ruwan makuba. Claude Monet ya nuna haka a zanen La Pie, wanda ya yi kusa da Étretat a 1868 zuwa 1869: wani tsuntsu ɗan dangin hankaka a kan ƙofar shinge, inuwar shingen kwance shuɗiya a kan dusa mai ratsin rawaya da hoda. Alƙalan baje kolin gwamnati na 1869 suka ƙi karɓarsa.

Camille Pissarro ya tunkari daskararriyar raɓa gadan-gadan a 1873, a wata gona kusa da Pontoise. Wani mutum ɗauke da itace yana ratsa huɗa, inuwar bishiyoyin da ba sa cikin zanen ta gitta kunyoyin, raɓar kuma ba a ba ta fari tsantsa ba, an watsa ta shuɗi-shuɗi a kan jar ƙasa. Da aka nuna shi a baje kolin farko na rukunin masu zane da ya haɗa shi da Monet a 1874, ɗan jarida Louis Leroy ya yi masa ba'a da cewa kankarar busasshen fenti ce aka shafa a ƙazamin ƙyalle. Akwai kuma inda yanayi ya taka rawa kai tsaye: a hunturun 1879 zuwa 1880 kogin Seine ya daskare, ya fashe a farkon Janairu, Monet kuma, yana zaune a Vétheuil cikin bashi, watanni kaɗan bayan rasuwar matarsa Camille, ya zana ƙanƙarar da ke yawo a kogin sau fiye da 10.

4.6 Ƙanƙara a Gaban Kyamara

Ana iya zaton kyamara za ta kawo ƙarshen haɗe-haɗe, amma matsalarta ta fi ta mai fenti. Farantan farko ba sa jin kowane launi sosai sai shuɗi da abin da ke bayansa. Sakamakon haka, shuɗiyar inuwar nan da Monet ya gina zanensa a kanta takan fito kusan fara a hoto, sama ma ta fito fara, sai tudu da kwari su baje. Mai hoto da ya taɓa ɗaukar mutum sanye da farar shadda da tsakar rana ya san yadda aikin wuya da na aljihu ke ɓacewa cikin haske. Hermann Vogel ya gano hanyar faɗaɗa jin launi da rini a 1873, amma farantan da ke jin dukkan launuka ba su shiga kasuwa sosai ba sai 1906.

Ga kuma sanyi. Dabarar jiƙaƙƙen kolodiyon da Frederick Scott Archer ya bayyana a 1851 tana buƙatar a shafe farantin gilashi, a tsoma shi a ruwan azurfa, a ɗauki hoton, a wanke, duk kafin ya bushe, cikin minti 10 zuwa 15. A kan tsauni ruwan wankin kan daskare. Auguste-Rosalie Bisson ya hau Mont Blanc a 1861 da 'yan dako 25 ɗauke da tanti da gilasai da magunguna, ya sauko da faranti ƙalilan. A 1869 mai zane William Bradford ya tafi gaɓar Greenland da masu hoto biyu, John Dunmore da George Critcherson, aka buga hotunansu 141 a wani katafaren littafi a Landan a 1873. Wasu kuma suka ga gara a kawo hunturu cikin ɗaki. A Montreal, William Notman yakan tsayar da abokan cinikinsa a situdiyo da kayan farauta, a baza gishiri da ulu a madadin dusa, gogaggen falankin tutiya a madadin ƙanƙara.

Busasshen farantin jelatin, wanda Richard Leach Maddox ya buɗe ƙofarsa a 1871, ya sauƙaƙa fita. Alfred Stieglitz ya ce sa'a uku ya tsaya cikin guguwar dusa a titin Fifth Avenue na New York a Fabrairun 1893 yana jiran keken dokin da zai shigo daidai inda yake so. Duk da haka ya datse gefen nagatif ɗin, ya mayar da hoton a tsaye, ya kuma goge wasu katakai da ke gefen titi a bugu na baya. Herbert Ponting, mai hoton tawagar Robert Scott ta Antaktika, ya ɗauki jirgin Terra Nova daga cikin kogon wani tsaunin ƙanƙara a Janairun 1911, da mutum biyu tsaye a bakin kogon don a gane girmansa. Frank Hurley ya ɗauki jirgin Endurance a Agustan 1915 cikin duhun hunturun Antaktika, ya jera fitilun walƙiya wajen 20 kewaye da shi, igiyoyin jirgin da ƙanƙara ta yi wa ɓawo suka fito fari tas a kan baƙin sama. Da jirgin ya karye, shi da shugaban tawagarsu Ernest Shackleton suka zaɓi faranti kimanin 120, suka farfasa wajen 400 saboda nauyi. Daga baya Hurley ya riƙa haɗa nagatif biyu ko uku a hoto guda, yana aro gajimare daga wani wuri.

4.7 Ƙwayar Dusa

Johannes Kepler ya yi rubutu kan kusurwa shida ta ƙwayar dusa a 1611, Robert Hooke ya zana ta a littafinsa Micrographia a 1665. Wilson Bentley, manomi a Jericho ta jihar Vermont, ya haɗa kyamara da madubin ƙara girma ya ɗauki hotonta a 15 ga Janairu 1885. Yakan tari dusa a baƙin allo, ya ɗauke ƙwaya da tsinke, ya daidaita ta da gashin tsuntsu, a rumfar da ba a hura wuta, yana kawar da numfashinsa gefe. Ya tara hotuna fiye da 5,000, aka buga sama da 2,400 a littafin da ya fito a 1931, shekarar da ya rasu. Sai dai yakan kankare kewayen ƙwayar a kwafin nagatif don fage ya yi baƙi, yana kuma zaɓar masu cikar siffa. A Jamus, masanin yanayi Gustav Hellmann da mai hoto Richard Neuhauss sun buga nasu a 1893, da ƙwayoyi masu karyayyen reshe da karkatacciyar siffa, suka soki aikin Bentley da cewa gyararre ne. Binciken Ukichiro Nakaya, wanda ya ƙera ƙwayar dusa a ɗakin gwaji a Jami'ar Hokkaido a 1936, ya nuna cewa zafi da laima ne ke tsara siffar, kuma masu cikakken daidaito su ne 'yan tsiraru. Amma siffar Bentley ce ta zauna a katunan gaisuwa da littattafan makaranta.

4.8 Inda Hoto Ya Zama Ma'auni

Akwai fage guda da tsofaffin zane da hotuna suke ba da adadi da za a dogara da shi, wato tsawon kogunan ƙanƙara na tsaunuka. Sharaɗin shi ne a sami abu tsayayye a cikin fagen, kamar tsinin dutse ko hasumiyar coci, wanda za a koma a tsaya daidai inda mai aikin ya tsaya. Heinz Zumbühl ya yi amfani da zanen Caspar Wolf na shekarun 1770 da na Samuel Birmann na shekarun 1820, tare da hotunan tsakiyar ƙarni na 19, ya sake gina tarihin gaba da baya na kogin ƙanƙarar Grindelwald na ƙasa a Suwizalan. A Alaska, William Field ya ɗauki kogin ƙanƙarar Muir a Agustan 1941, Bruce Molnia ya koma wurin a Agustan 2004, aka tarar ƙanƙarar ta ja baya fiye da kilomita 12, ruwan teku ya cika gurbinta, bishiyoyi sun tsiro inda da dutse ne tsirara. Irin waɗannan hotuna na awo ba da hunturu ake ɗaukarsu ba. Ana jiran ƙarshen bazara, lokacin da dusar shekara ta narke, domin a ga ainihin bakin tsohuwar ƙanƙarar.